Jefi-jefi ko akai-akai: wanne ya dace da wayata?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Wayata ce ke kashe kanta ba dalili. Ranar Litinin ta mutu sau 2, sai ta yi shiru kwana 9, jiya da dare ta sake, ina cikin magana da mahaifiyata. Da na kai wa mai gyara na ce masa tana mutuwa akai-akai. Ya riƙe ta wuni guda, ko gezau ba ta yi ba, ya dawo min da ita yana kallona kamar na yi ƙarya. Yayana ya ce laifina ne, jefi-jefi ya kamata in ce. To ni duk ɗaya na ɗauke su, har da lokaci-lokaci. Ina bambancin?

Tsohon malami:
Wa alaikumus salam. Yayanka ya yi gaskiya. Akai-akai na nufin abu yana maimaituwa kusa da kusa, kafin ka manta na farko na biyu ya zo. Shi ya sa mai gyaran ya zauna yana jira.

Jefi-jefi kuwa, saurari kalmar da kyau, za ka ji jifa a cikinta. Ɗebi tsakuwa ka watsa: biyu su faɗi wuri guda, ɗaya ta yi can nesa. Haka abin yake zuwa, ba yawa, kuma ba ka san ranarsa ba. Lokaci-lokaci ta fi sassauci, tana ɗaukar abin da ke da tsari. Za ka iya cewa ana duba injin lokaci-lokaci, alhali duk wata 3 ake yi. Amma likita ba zai ce ka sha magani jefi-jefi bayan kowace awa 8 ba, sai dai in so yake ka rikice.

Wata 'yar'uwa:
Malam, a yi min afuwa, abin da ya faru sau 2 a rana ɗaya ai ya wuce jefi-jefi a kunnena.

Tsohon malami:
Da Litinin kaɗai muke kallo, da na bi ki. Kwana 9 ɗin nan na shiru su ne hujjata. Kuma jefi-jefi ba lokaci kawai take aunawa ba, har wuri: "jefi-jefi za ka ga furfura a kansa." A nan tana kusa da tsilla-tsilla.

Mai tambaya:
Na gode, Malam. Gobe zan koma in ce masa jefi-jefi take yi, ya riƙe ta mako biyu. Yanzu sai neman wayar aro.