Musayar Waƙa: Tamilawan Da a Bakin Mawaƙansu

Mai Alƙalami:
Na buɗe fage, 'yan'uwa, ku matso,
Waƙen Tamil za mu tattaunawa.
Kudancin Indiya, birnin Madurai,
Can aka ce mawaƙa ke taruwa.
Sangam ke nan, shekara wajen 2,000,
Baitocinsu sun ƙi dusashewa.
Chera da Chola da Pandiya, sarakai,
Su uku ke mulki da fafatawa.
Jirgin Yawana, wato Girkawa da Rumawa, ya kai zinari tashar Muziris,
Masoro ya lodo wajen komawa.

'Yar Kasuwa:
Malam, ka tsaya a ƙofar fada,
Talakawa kake ta tsallakewa.
Ina budurwar nan ɗiyar fatake
Mai tallan gishiri tana zagayawa?
Awon gishiri, awon shinkafa,
Daidai wa daida ake musanyawa.
Ni ita ta fi min sarakan nan uku,
Ta nuna abin da ake dafawa.
Waƙar soyayya, Akam suke ce mata,
Ba sunan kowa a cikin rerawa.
Ƙasa suka kasa biyar don so:
Kan dutse masoya ke saduwa,
Daji na jira, gona na saɓani,
Gaɓar teku bege, fako rabuwa.

Ɗan Makiyaya:
Yaya, kin faɗi gaskiya, sai dai
Akwai jini, kar mu yi ɓoyewa.
Waƙen Puram na yaƙi ne, har da harin shanu,
Dukiyarsu ke nan, ita ake ƙwacewa.
Wanda ya faɗi yana kare garke
Dutse ake kafa masa don tunawa,
A sassaƙa sunansa a jikin dutsen,
Da gashin ɗawisu ake ƙawatawa.
Sarki Pari ya bar wa furen daji keken dokinsa
Don ya ga ba shi da abin naɗewa.
Da aka kashe shi, mawaƙi Kapilar
Ya riƙe 'ya'yansa mata da kulawa.

'Yar Kasuwa:
Ƙanena, ka taɓa min zuciya.
Ga Avvaiyar, mace mai fasahar tsarawa,
Sarki Atiyaman ya yi ta jakadiya,
Gun abokin gaba ta je isarwa.

Mai Alƙalami:
Madalla, Hajiya. A ganyen giginya
Aka rubuta waƙen, gara na cinyewa.
Masani Swaminatha Iyer ya bi gida-gida
Yana roƙon ganyen yana tattarawa.
A 1894 ya buga Purananuru, kundin Puram,
Waƙa 400. Wa zai ci gaba da amsawa?