Tsohuwar Pioneer: ramin AUX ɗaya, kayan jonawa uku

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Muna da tsohuwar rediyo Pioneer mai haɗe da amfilifaya, irin ta shekarun 1970, lasifika biyu. A bayanta an rubuta PHONO, AUX, sai TAPE mai PLAY da REC. Ina son jona dikoda, DVD da wayar hannu. Dikoda ta cinye AUX, na sa waya a PHONO, sai sauti ya fashe, ƙasan murya ya yi kauri ba a jin magana. Ta lalace ne?

Mai Gyaran Rediyo, Gumel:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, lafiyarta ƙalau, cire wayar daga PHONO kawai. Wannan ramin na allurar faifan garmaho ne, wadda ke fitar da kamar milibolt 3 zuwa 5. Saboda ƙanƙantar siginar, akwai ƙaramar amfilifaya a bayan ramin da ke ninka ta wajen sau 100, kuma tana ɗaga ƙasan murya ta danne sama, domin akasin haka aka yanka faifan. Waya kuwa tana iya kaiwa bolt 1, DVD bolt 2. Ka ga an ɗora wa jaki kayan raƙumi. In ka daɗe a haka da ƙara sosai, ƙaramar lasifikar sama ce za ta fara ƙonewa.

Kana da rami na biyu ba ka sani ba: TAPE PLAY. Ƙarfin da yake karɓa ɗaya ne da AUX. Sa DVD a nan, ja a ja, fari a fari, sai ka danna TAPE MONITOR a gaba. REC fita ne, kada ka jona komai. In ka gama ka saki maɓallin, domin muddin yana danne rediyo da AUX shiru za ka ji. Mutane da yawa sun ɗauko rediyo daga ƙauye zuwa shago a kan wannan maɓallin kaɗai.

Injiniya Ɗambatta:
Gaskiyar Malam. Saura waya. Nemi ɗan akwatin sauya AV, wato sauti da hoto, mai shiga uku fita ɗaya, ana samu a Sabon Gari ko titin Beirut a Kano, ba ya cin wuta. Fitarsa ta tafi AUX, dikoda a lamba 1, waya a lamba 2 da kebul mai kai 3.5mm a gefe guda, RCA biyu, wato kai ja da fari, a ɗaya gefen. Kebul mai kai ruwan ɗorawa na hoto ne, bar shi ya tafi talabijin.

Abin da nake roƙonka: kada ka sayi kebul mai reshe biyu ka haɗa dikoda da waya a rami ɗaya. An yi shi ne don raba fita ɗaya gida biyu. In ka juya shi, kowace na'ura tana tura wutarta cikin 'yar'uwarta, sauti ya ragu ya shaƙe, wata rana fitar ɗayarsu ta mutu. Kashe rediyo kafin cire ko sa kebul.

Ɗan Ringim:
Na gode, Malamai. TAPE PLAY ta yi. Amma in waya na caji sai a ji gurnani.

Mai Gyaran Rediyo, Gumel:
Caja ce. Cire ta ka saurara. In ya ɗauke, yi amfani da batirin wayar, ko ka sa ɗan tiransifoman raba wayar ƙasa (ground loop isolator), mai tare irin wannan gurnani, a kan kebul ɗin. Ɗaga ƙarar waya zuwa kashi uku cikin huɗu, ka riƙa sarrafawa daga rediyo. In gurnanin daga jikin rediyon kansa yake, kuma da sola kuke kunna ta, wataƙila inbatarku ce, irin mai arha da wutarta ba ta fita sumul, kuma tana zafafa tiransifoma. In gefe ɗaya na ɗaukewa, ƙurar hunturu ce a maɓallin TAPE MONITOR: zare daga wuta, fesa maganin wanke maɓalli, danna sau 20, ka bari ya bushe.