Wata 5 da aikin hanci, in koma a sake ne?

Salam 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Shekara 3 ke nan na faɗi daga kan moto a nan Garwa, muna dawowa daga biki ni da ƙanwata, ita ko ƙwarzane ba ta yi ba, ni kuwa hancina ya karye ya karkace hagu, a lopital suka ce a jira kumburi ya sauka, ana cikin haka Baba ya kwanta ciwo aka manta da ni. Sai bana yayana ya kai ni Tunis aka yi aiki, da yake an riga an shiga na ce a ɗan rage mini kan hancin. Yau wata 5, kan hancin ya yi tauri kamar ba nawa ba, ƙofa ɗaya a toshe, da baki nake numfashi in na kwanta. Bikina bayan babbar salla ne. In koma a sake?

Hajiya Umma: Ke 'yar nan wa ya aike ki ragi? Kada ki yarda a sake sa miki wuƙa. Akwai allurar cika hanci, a Duwala ana yi, ki je a daidaita miki ki huta.

Anti nas, Ngaundare: Hajiya a yi haƙuri, allurar nan ba wasa ba ce. In ta shiga jijiyar jini fata na iya mutuwa, har makanta tana jawowa, kuma hancin da aka taɓa yankawa ya fi haɗari. Ƙanwata, kumburin kan hanci yakan kai shekara, mai kaurin fata ma ya wuce haka, shi ya sa likitoci ba sa son sake aiki kafin wata 12. Na biyun ya fi wuya saboda tabon ciki, wani lokaci sai an ɗebo guringuntsi daga kunne ko haƙarƙari. Toshewar ce ta fi damuna, ki ga likitan ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, ya leƙa ciki. Shi wanda ya yi aikin me ya ce?

Hajiya Umma: Ni na ga wadda aka yi wa da idona, ras take. Ku ma'aikatan asibiti komai sai kun tsorata mutane.

Malam Abba: Gyaran karaya halal ne, ai sahabi Arfaja da aka sare masa hanci Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinari. Ragin nan ne dai sai a yi istigfari.

Maman biyu: Hmm, ni dangin miji shekara 9 suna ce mini mai hancin murhu, har 'ya'yana ba su bari ba, da ina da kuɗi wallahi da tuni na tafi. Nawa kika kashe?

Mai tambaya: Malam ba ado ya kai ni ba, ku ba ku ga yadda nake ba da. Anti na tura masa hoto a WhatsApp ya ce in yi haƙuri, amma shi ba shi zai zauna gaban mai hoto ranar biki ba. Wata 12 ya yi mini nisa gaskiya.

Hajiya Umma: To ai kin ji, ki biyo ni inbox.

Anti nas: Ki dai fara ganin ORL ɗin.

Mai tambaya: Angon ma bai san na yi ragi ba fa.