Neman kalmar Hausa: wane suna za mu raɗa wa "kilifbod"?

Jama'a, assalamu alaikum. Kwafa da mannawa sun riga sun zauna a bakin mutane, amma wurin da abu yake tsayawa tsakanin kwafa da mannawa a waya ko kwamfuta, wato "kilifbod", har yau kowane mai fassara da sunan da yake ba shi. Ni ina tare da "allon riƙo", kuma ga hujjata, masu gyara su gyara.

Mu fara sanin jaririn kafin a raɗa masa suna. Idan ka zaɓi rubutu ka danna Ctrl+C, ko ka danne yatsa a waya ka taɓa "kwafa", na'ura takan sa abin a wani ɗan gurbi cikin ƙwaƙwalwarta, gurbin da duk manhajoji suke tarayya a kansa. Shi ya sa za ka kwafo lambar asusu daga WhatsApp ka manna ta a manhajar banki, alhali su biyun ba su san juna ba. A asali abu ɗaya tak gurbin yake ɗauka. Ka kwafi na biyu, na farko ya tafi. Ka kashe kwamfuta, shi ke nan.

To, a nan na rabu da masu cewa "ma'ajiya" ko "allon ajiya". Bahaushe ya ce ajiya maganin wata rana. Wanda ya ji an ce rubutunsa yana ma'ajiya, hankalinsa kwance yake, zai yanke dogon saƙo ya tafi ya kwafi wata lamba, ya dawo ya tarar babu. Sunan ne ya yaudare shi. Balle ma "ajiye" da "adana" mun riga mun ba Ctrl+S, bai kamata a sake ɗora musu wani aikin ba. Riƙo kuwa kowa ya san na ɗan lokaci ne. "Riƙe min nan ina zuwa." Shugaban riƙon ƙwarya ma ya san ba shi ne mai kujerar ba.

Na san za a ce allo ya sha kaya: ga allon kwamfuta da ake kallo, ga allon madannai, ga na aji. Gaskiya ne. Amma ku duba allon makaranta. A rubuta, a biya, a wanke, a sake rubuta wani a gurbinsa. Da wuya a samu abin da ya fi wannan kama da aikin gurbin nan. Su ma Turawan daga wani ɗan allo mai matsewa a sama suka aro sunan, irin wanda ake danne takardu da shi a asibiti ko wajen ƙidayar kaya.

Masu cewa a bar shi "kilifbod" kawai, tunda mun karɓi kwamfuta da intanet, su tuna da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Wanda wayarsa take da Faransanci, wani suna daban yake gani a wurin. Aron da ya yi wa Bakano daɗi, shi bai gaya masa komai ba.

Sauran kalmomin uku, wato yanka da kwafa da mannawa, su ma aro ne daga wata tsohuwar sana'a. Masu shirya jarida da littafi da almakashi suke yanka takarda, su manna da gam a inda suke so. Larry Tesler da Tim Mott suka kawo salon cikin manhajar rubutu mai suna Gypsy a cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto a Amurka, cikin shekarun 1970. Tesler ya koma Apple a 1980, kuma kwamfutocin Apple, Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984, su suka yaɗa X na yanka da C na kwafa da V na mannawa, haruffa uku da ke jere a layin ƙasa, hannu ɗaya ya ishe su.

Tsakanin "manna" da "liƙa" na zaɓi manna. Liƙa ma daidai ne, sai dai da an ce liƙi, zuciyar wasu ta tafi filin biki. Sannan harshenmu ya ba mu wata kyauta: kwafo, yanko. "Kwafo shi daga can ka manna nan." Wannan wasalin na ƙarshe shi kaɗai ya nuna abin tafiya yake yi.

Akwai wurare biyu da sunan zai sha gwaji. Na farko, gurbin ba siffa ɗaya yake riƙewa ba. Idan ka kwafo daga shafin intanet, yakan riƙe zallar haruffan, ya kuma riƙe su da adonsu na launi da girma, sai manhajar da ka manna a ciki ta ɗauki wanda ta iya. Dalilin ke nan da rubutu yake faɗowa cikin takardarka da baƙon launi. A manhajoji da yawa Ctrl+Shift+V ne maganinsa, mu kira shi "manna zallar rubutu".

Na biyu, yanzu allon ya iya tuna baya. Tun 2018 Windows 10 ta zo da jerin abubuwan da ka kwafa, wanda ake buɗewa da maɓallan Win+V, mai riƙe abubuwa har 25. Gboard, allon madannan Google na waya, yakan riƙe abin da ka kwafa na awa ɗaya, sai in ka kafe shi. Wani zai ce ai ga shi ya zama ma'ajiya. A'a, abin da ka kafe ne kaɗai ya zama ajiya, saura suna kan hanyar gogewa. "Jerin riƙo" ya wadatar.

Kuma sunan nan ba na ado ba ne, gargaɗi za a riƙa rubutawa da shi. A 2020 iOS 14, manhajar da ke tafiyar da iPhone, ta fara sanar da mai waya duk lokacin da wata manhaja ta karanta gurbin, aka ga TikTok da wasu suna leƙawa. Akwai ma mugayen manhajoji da ke sauya adireshin asusun kirifto da ka kwafa su sa na ɓarawo, ka manna ka tura ba ka duba ba. Ku gwada a baki ku ji: "An kwafa zuwa allon riƙo." "Wata manhaja ta karanta allon riƙo." "Goge allon riƙo."

Abin da ya rage mini shi ne matakin da ake yi kafin kwafa, wato jan yatsa a kan rubutu har ya canza launi. "Zaɓa" ake sawa, amma na fi jin mutane suna cewa "shafa shi duka". Malamai, wanne za mu ɗauka?