Jirgi ya iso, amma ba a sauke kaya ba: me ake jira?

Sabon Ɗan Kasuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karon farko ke nan da na yi odar kaya ta ruwa, kwantena ɗaya mai ƙafa 20. Ejan ya ce jirgin ya iso tun Talata, amma har yau yana can nesa da gaɓa. Ni na ɗauka da isowa sai saukewa. Ko wasa yake mini da hankali?

Tsohon Ma'aikacin Tasha:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, layi yake bi. Sai gurbi ya samu a bakin tasha, sannan matuƙin tashar, wanda ya san hanyar ruwan kamar yunwar cikinsa, ya je a ƙaramin jirgi ya hau tsanin igiya ya shigo da shi, jiragen turi suna daidaita shi. Manyan jiragen kwantena na yanzu tsawonsu mita 400, suna ɗaukar kwatankwacin irin kwantenarka wajen 24,000, cikinsu na nitsewa kusan mita 16. Shi ya sa yashe hanya ba ya ƙarewa, wata tashar ma sai an jira ruwa ya ciko.

Kuma kowane kaya da ɓangarensa. Mai ta bututu yake wucewa zuwa tankuna, hatsi zuwa manyan rumbuna, motoci da ƙafarsu suke fitowa. Kwantenar kifi ko magani kuwa, tana sauka ake jona ta da lantarki. Na yi shekaru ina zagaya su da dare ina duba sanyi, aikin da ba na kewarsa.

Hajiya Mai Oda:
Baba ya gama magana. Ni dai ƙanina, jiran jirgi ba shi ne abin tsoro ba. Bayan an sauke, kwanaki kaɗan ake ba ka kyauta, daga nan kamfanin jirgi ya fara lissafa maka kuɗin jinkiri kullum, tasha ma ta caji na ajiya. Na taɓa ƙonewa saboda kuskuren harafi ɗaya a takardar lodi. Ka sa ejan ya gama da takardun kwastam tun jirgin yana layi.

Ɗalibi:
Mu gode wa kwantena ma. Kafin ɗan kasuwar Amurka Malcom McLean ya loda guda 58 a jirgi daga Newark zuwa Houston a 1956, 'yan dako ke sauke kaya ɗaya-ɗaya, jirgi ya shafe kwanaki a tsaye. A 2024 kayan da suka bi ta tashar Shanghai kaɗai sun haura kwatankwacin kwantena miliyan 50 masu ƙafa 20.

Sabon Ɗan Kasuwa:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, kwanakin kyautar daga ranar isowa ake ƙirgawa ko ranar saukewa?

Hajiya Mai Oda:
Galibi daga saukewa, amma duba takardar kamfaninka yau ɗin nan.