Neman shawara: ɗalibata ta ƙure ni a darasin haƙƙin ɗan Adam

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina koyar da darasin ilimin zama ɗan ƙasa a aji biyu na babbar sakandare, a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo. Makon jiya na rubuta musu sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 a kan allo, wanda ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda al'ummarsa, ƙabilarsa, wurin asalinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Ban ajiye alli ba wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce a garin nan aka haife ta da ita da yayanta, amma ƙaramar hukuma ta hana yayan takardar shaidar ɗan asali saboda mahaifinsu daga wata jiha ya zo, har tallafin karatu ya wuce shi. Ta ce, "Malam, ita dokar ba ta san da wannan ba ne?" Wani yaro daga baya ya ce ai baƙuwa ce, aji ya tuntsire da dariya, ni kuwa na ce za mu dawo kan batun. Gaskiya amsa ce ba ni da ita. Ga shi kuma wani uba ya taɓa kawo ƙorafi cewa darasin yana koya wa yara tsaurin ido. Yaya zan yi?

Wata lauya ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Yarinyar ta taɓo inda manyan masana shari'a suka daɗe suna ja-in-ja, don haka kada ka ji kunyar gaya mata cewa kundin da kansa yana magana da baki biyu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama duk inda ya ga dama, na 42 ya hana bambanci, amma sashe na 14 ya zo da tsarin raba daidai tsakanin jihohi, na 147 kuma ya ce a naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha wanda ɗan asalinta ne. Ta wannan ƙofa ce batun asali ya shige cikin ɗaukar aiki da gurbin karatu da tallafi. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowa cikakken 'yancin zama a ko'ina, sai dai yana babi na biyu ne, wanda sashe na 6 ya ce kotu ba ta da hurumin tilasta aiki da shi.

Ka kuma nuna musu inda dokar ta yi aiki, domin kada su ɗauka rubutu ne kawai. A 2014 Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, a shari'ar Ukeje, da hujjar wannan sashe na 42. A 2022 kuma ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sanya hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Dukkansu mutane ne da suka bi kadin haƙƙinsu shekara da shekaru har suka samu.

Wani tsohon shugaban makaranta ya ce:

Barista ta gama da ɓangaren doka. Ni abin da ya fi damuna shi ne dariyar da ka bari ta wuce, ɗana. Yaron da ya ce baƙuwa ya aikata abin da ke rubuce a kan allon ne a gabanka, kuma da shi ya kamata ka buɗe darasi na gaba, ba tare da ka kama sunansa ko ka tozarta shi ba. Ka tambayi ajin ko su wane ne kakanninsu suka zo daga wani gari, za ka ga hannaye sun tashi fiye da yadda kake zato. Game da iyaye kuwa, da yawa suna jin kalmar haƙƙin ɗan Adam sai su tuna da Majalisar Ɗinkin Duniya da sanarwarta ta 1948, su ɗauka kayan aro ne. Ka fara musu da aya ta 13 a Suratul Hujurat, wadda ta ce an sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna, idan kuma akwai ɗalibai Kirista ka bar su su kawo nasu daga Littafi Mai Tsarki, sannan ka gangaro kan kundin. Uban da ya ji ɗansa ya dawo gida da wannan ba zai zo ofis da ƙorafi ba.

Wata uwa ta ƙara da cewa:

Malam, don Allah kada a manta da irin 'ya'yanmu. Ɗana shan inna ya taɓa masa ƙafafu, kullum abokansa biyu ne ke ɗaga kekensa su haye matakala uku kafin ya shiga aji. Sashen da ka rubuta bai ambaci nakasa ba, sai a Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya karya ta, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika, matakalarmu tana nan yadda take.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode Barista, na gode Baba, Hajiya Allah Ya raya mana shi. Ranar Talata zan fara ba yarinyar haƙuri kan shirun da na yi, sannan in raba ajin gida huɗu su zagaya su ƙirga mana matakalun makarantar. Barista, idan yayan nata yana son kai koke, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa zai fara zuwa ko babbar kotun jiha?