Fanel ɗin sola na tin-filim da zafin Kaduna, wa ya taɓa gwadawa?

Mai Shagon Kawo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara a Kawo, fanel huɗu gare ni mono (na silikon mai ƙwaya guda, irin wanda aka saba gani) a saman kwano, amma tunda watan Maris ya kama da tsakar rana sai in ga caji yana ja baya alhali rana ta take kamar me, firiza har ta fara kasa daskarar da ruwan leda. Wani ya ce in koma tin-filim (fanel ɗin da ake yi da siririn shafe a kan gilashi ko roba) wai shi zafi bai dame shi ba. Don Allah haka ne?

Injiniyan Rigasa: Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar tana da ƙamshin gaskiya amma an ƙara mata gishiri. Wat ɗin da ke rubuce a bayan fanel a digiri 25 aka auna shi, a kan kwano kuwa fanel yana iya kai 60 zuwa 65. Mono yana rasa kusan kashi 0.35 cikin ɗari na wutarsa a kowane digirin da ya haura 25, ka ga kusan kashi 14 ya tafi kenan, shi kuma tin-filim na amofos silikon kusan 0.2 ne, wato kashi 8. To amma fa wutar da yake ja daga rana tun asali bata kai rabin ta mono ba a fili ɗaya, sai ka ninka yawan fanel, ƙarfe da waya duk su ƙaru, kuma rufin shago nawa yake? Tin-filim masu kyan irin na kamfanin First Solar a Amurka manyan gonakin sola ake sayar wa.

Maman Yara U/Rimi: Alhaji ka fara duba yadda aka ɗora su tukuna. Namu an manne su ne da kwano, da rana ko hannu baka iya sawa, da aka ɗaga su kamar taƙi ɗaya iska na ratsawa ta ƙasa wallahi mun ga canji. Kuma ƙurar hunturu tana nan lafe a kai, ɗana ke wankewa da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Mai Shagon Kawo: Na gode Hajiya, nawa ma a manne suke, rabona da wanki tun Janairu. Injiniya in an ɗaga sai na ƙara mono ɗaya ko batir zan fara dubawa?